Neman kalma: mi za mu kira kwamfutar da ke zaune cikin wata kwamfuta?

Injiniyan Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai kalmar da ke ba masu aikin kwamfuta na Maradi wahala duk lokacin da za a rubuta wa ɗan kasuwa takardar farashi: abin da Faransanci ke kira birtuwalizasiyon. Ba ta shiga baki, kuma Alhajin da zai sa hannu a fitar da kuɗi ba ya jin ta.

Ga abin da take nufi. Sarba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) guda ce ta ƙarfe, sai a sa mata wata manhaja da ke yanka ƙarfin furosesa da RAM da diski kashi-kashi. Kowane kashi ya tashi da nasa Windows ko Linux, da nasa adireshin, yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, bai ma san da maƙwabcinsa ba. Kalma uku muke nema: ta ƙarfen da ke ɗauke da su, ta kwamfutocin da ke ciki, da ta manhajar da ke rabon. Ta aikin gaba ɗaya za ta fito daga cikinsu.

Dalilin gaggawa shi ne kasuwar abin ta motsa. A watan Nuwamba 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, kamfanin da ke sayar da irin wannan manhaja, a kan dala biliyan 61, ban da bashin da ya gada (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba). Wata guda bayan haka aka daina sayar da lasisin da ake saya sau ɗaya a huta, aka koma biyan shekara-shekara, lissafin kuma a kan ƙwayoyin furosesa, mafi ƙaranci 16 ga kowane furosesa ko da naka 8 gare shi. Tun daga nan ƙananan kamfanoni ke duba wasu manhajojin rabo, Proxmox da XCP-ng da Hyper-V. Aikin kwashe su daga wannan zuwa wancan aikinmu ne, in mun iya faɗinsa da Hausa.

Ɗan Mokoyo:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ni dai na ce kwamfutar bogi. Gajera ce, kowa ya santa.

Malama Mai Fassara:
Ƙanena, rubuta "kwamfutar bogi guda biyar" cikin takardar farashi ka kai wa mai shagon siminti ka ga ko zai biya. Bogi jabu ne, abin da aka yi don a cuci mai saye. Wadda muke magana a kai tana fitar da faktir na gaske, in ta mutu kuma asarar ta gaske ce.

Na ga ana rubuta "kwamfutar gizo" a wasu wurare. Ita ma ba ta yi ba, don gizo ya riga ya zama na intanet, mai karatu zai ɗauka kayansa na can Faransa, alhali ga sarbar nan bayan ƙofar kwantabul. "Inuwar kwamfuta" ta fi daɗin ji, amma inuwa abin da jiki ya yi take yi, kuma jiki ɗaya inuwa ɗaya. Ina jin "kwamfutar kwaikwayo" ce ta fi kusa. Masu sana'a su gyara mini.

Injiniyan Ali Ɗan Sofo:
Malama, kwaikwayo a ajiye ta, tana da nata gurbi. Akwai lokacin da manhaja ke kwaikwayon furosesa ɗungurum, misali a tada tsarin wayar ARM a kan Intel: kowane umarni sai an fassara shi kafin a aikata, shi ya sa abin ke jan ƙafa. Wannan shi ne kwaikwayo na gaske. Namu daban ne. Tun da Intel ya fito da VT-x a 2005, AMD kuma ya biyo da AMD-V a 2006 (dabarun da aka gina cikin furosesa don wannan aiki), umarnin kwamfutar ciki kai tsaye yake tafiya kan furosesan ƙarfe, manhajar rabo tana tsaye ne kawai tana tsaron iyaka. KVM, manhajar rabon da Proxmox ke amfani da ita, ta shiga cikin Linux a 2007 a kan wannan tushe. In muka kira duka biyun kwaikwayo, ranar da yaro ya manta bai kunna VT-x a BIOS (saitin farko na kwamfuta) ba ya rasa dalilin da kwamfutar ciki ta ƙi tashi, ba mu da bakin da za mu bambanta masa.

Ɗan Mokoyo:
To kurwa fa? Tana fita daga wannan jiki ta shiga wancan ba a kashe ta ba, kamar yadda ake ɗauke kwamfutar ciki daga sarba zuwa sarba tana cikin aiki.

Hajiya ta Zariya:
Ɗan Mokoyo, Allah ya shirye ka. Ka je kasuwa ka ce sana'arka kama kurwa ka adana cikin akwati, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Ga tawa, daga cikin gida na ɗauko ta: goyo. Ƙarfen da ke ɗauke da su uwar goyo ce, kowace kwamfutar ciki ƴar goyo, aikin kuma goyon kwamfuta. Ku duba yadda ta dace. Ƴar goyo mutum ce cikakkiya da sunanta da cikinta, amma ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, da ƙafar uwa take tafiya. Abin da uwa ta samu shi take sha. Ana iya sauke ta daga bayan wannan a ɗora bayan waccan ba ta canja ba. In kuwa uwa ta faɗi, da ita aka faɗi, kuma wannan ne abin da ya kamata mai kamfani ya ji tun ranar farko. Ga aikatau a shirye, ba sai an ƙirƙira ba: mun goya sarbar lissafi, a sauke ta, a sake goya ta a sabuwar uwa.

Malama Mai Fassara:
Hajiya, wannan ta zauna a baki. Abu biyu ke damuna. Na ɗaya, uwa ɗa guda take goyo, in ta yi yawa tagwaye, ku kuwa kuna maganar goma. Na biyu, "goyon baya" ya riga ya zama na siyasa da na taimako, kada a rubuta shi nan ko sau ɗaya.

Hajiya ta Zariya:
Na biyun na karɓa. Na ɗayan kuwa, tsaya bakin tasha ki ƙirga mutum nawa ɗan kabu-kabu ke ɗauka. Goyon biyu, goyon uku, da buhu a kan tanki. Kalmar ta daɗe da barin bayan uwa ta hau babur, har da ma'anar lodin da ya wuce ƙima, wadda mu ma muke bukata.

Mai Sarba na Sabon Gari:
Bari in gwada ta cikin aiki, don nan kalma ke nuna ko za ta yi ƙarko. Mu ɗauki kamfanin dillancin kaya mai tsofaffin kwamfutoci biyar da ba a kashewa: ta lissafi, ta rumbun bayanai, ta ajiyar takardu, ta tsaron hanyar intanet, da wata tsohuwa mai Windows 7 da aka bari don manhajar sito ba ta tashi a kan sabo. A ce kowace na jan wat 100. Wat 500 ke nan, kilowat-awa 12 a yini. Uwar goyo guda mai jan wat 200 za ta ci 4.8. Amma ba kuɗin kuran ne babbar riba ba, batir ne. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe. Da lodin wat 500 bai kai awa biyu da rabi ba ya ƙare, da wat 200 ya kai shida. Wanda ya ga yadda wuta ta zama bayan an yanke layin Najeriya a watan Agusta 2023 ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Yadda ake goyon. Uwa mai RAM giga 64: ƴar lissafi 16, ta rumbun bayanai 16, ta takardu 8, ta tsaro 4, tsohuwar 4. Ya zama 48. Sauran 16 ba rara ba ne, uwa ma tana ci, kuma in ZFS (wani tsarin ajiyar fayil) aka sa a diski yana riƙe nasa kaso don saurin karatu. Furosesa ana iya yi masa goyon uku, a raba ƙwaya 16 ga ƴan goyon da jimillarsu ta kai 24 ko 30, don ba lokaci guda suke nema ba. RAM kuwa kada a yi masa haka. In ya ƙare, Linux zai zaɓi mai cin da yawa ya kashe, kuma yawanci rumbun bayanai ne mai cin da yawa.

Diski SSD biyu a yi musu madubi, abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayan. A nemi irin na sarba masu ajiyar wutar da ke ƙarasa rubutu in an ɗauke kuran, na kwamfutar hannu suna saurin cinyewa a wannan aiki. In ZFS ne, kada a bar katin RAID (mai haɗa diski da yawa su zama ɗaya) ya shiga tsakani, a mai da shi mai miƙa diski kai tsaye. A kunna VT-x ko SVM (wato AMD-V) a BIOS, da VT-d in za a miƙa wani kati ga ƴar goyo. A girka Proxmox daga kile, sauran aikin ta burauza ne a ƙofa 8006.

Kalmar ta bi da ni har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Na yarda da ita.

Injiniyan Ali Ɗan Sofo:
Malam, ka tsallake inda ake kuka, wato sauke ƴar goyo daga VMware a goya ta a Proxmox. Tun fitowar Proxmox 8.2 a watan Afrilu 2024 akwai abin janyo ta kai tsaye daga ESXi, manhajar rabo ta VMware, amma Windows na da halinsa. In aka haɗa diskinsa da VirtIO (hanya mai sauri da Proxmox ke haɗa diski da ƴar goyo) kafin a sa masa direban, zai tashi ya yi shuɗin allo ya ce bai ga diskin tashi ba. Maganin: a cire VMware Tools tun tana tsohon gida, a fara tada ta da SATA, a girka direbobin VirtIO, a maƙala mata ɗan ƙaramin diski na giga 1 ta VirtIO don Windows ya san hanyar, a kashe, sannan a mai da babban diskin. A rubuta adireshin IP da lambar MAC a takarda kafin a taɓa komai, don sabon katin hanya Windows baƙo yake ɗaukarsa, kuma akwai manhajojin lissafi da lasisinsu ke ɗaure da wannan lamba ko da ɗan makullin USB. Makullin sai an miƙa shi ga ƴar goyon da hannu, kuma daga ranar ba ta ƙaura zuwa wata uwa tana cikin aiki.

Lasisin Windows Server ma a faɗa wa mai kuɗi gaskiya: Standard ƴan goyo biyu yake rufewa, ta uku sai an sake biyan ƙwayoyin uwar duka. Datacenter ne ba shi da iyaka.

Hajiya ta Zariya:
Ƙari biyu daga ɓangaren abin da ke lalacewa bayan an gama an tafi. Hoton da ake ɗauka kafin a taɓa ƴar goyo, wanda ake komawa gare shi in gyara ya ɓaci, a diskin uwa yake zaune. Diskin ya mutu, sun tafi tare. Ajiya ta gaske sai a wata na'ura daban, da kwafi guda a wani gini, kuma a riƙa gwada maido da ita ko sau ɗaya a wata. Sannan alkawarin diski: ana iya yi wa ƴan goyo alkawarin tera 3 a kan diski mai tera 2, don ba su cika ba tukuna. Ranar da ya cika dukkansu za su daskare lokaci guda, galibi ƙarshen wata ana tsakiyar biyan albashi. A sa ƙararrawa a kashi 80.

Ga zafi kuma. Yawancin sarbobi an yi su ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, Maradi kuwa a Afrilu da Mayu tana haye 40 a inuwa. Da kwamfuta biyar, ɗaya ta suma huɗu na aiki. Yanzu uwa guda ce. Kilim ɗin ɗakinta ya hau layin gurup, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska, a haɗa ondilar da uwar ta USB don ta kwantar da ƴan goyo bi da bi kafin batir ya ƙare. A tsara musu tashi ma: tsaro farko, rumbun bayanai, a jira minti biyu, sannan lissafi. Wanda ke son uwa biyu su riƙa karɓar wa juna ya sani Proxmox ƙuri'a uku yake so, ko da ta ukun ƴar ƙaramar na'ura ce, in ba haka ba waya ta tsinke tsakaninsu a rasa mai rinjaye.

Wannan kulawar ta wata-wata ita ce kasuwar da nake gani a garin nan, ta fi sayar da ƙarfen kansa.

Malama Mai Fassara:
To ga abin da na rubuta: goyon kwamfuta, uwar goyo, ƴar goyo, jam'i ƴan goyo. Kwaikwayo na nan a nasa gurbi. Irin su Docker, da ya fito a 2013, masu killace manhaja ba tare da tada cikakkiyar kwamfuta ba, a bar musu kwantena, duk wanda ya taɓa jiran kaya daga Kwatano ko Lome ya santa. Saura manhajar rabo. Tunda goyo ne, majanyi mana, shi ke ɗaure ɗa a bayan uwa.

Mai Sarba na Sabon Gari:
Malama, majanyi ɗauri kawai yake yi, ba ya rabon abinci, ita kuwa rabon ne babban aikinta. Kuma iri biyu ce: wadda ke zaune kan ƙarfe kai tsaye kamar ESXi da Proxmox, da wadda ake girkawa cikin Windows kamar VirtualBox, wadda ta dace da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai gwaji a kwamfutar hannu, ba da lissafin kamfani ba. Ni raba-gardama ko mai rabo nake gani.

Ɗan Mokoyo:
Mai rabo kuma ai wanda ya ci sa'a ne, Yaya. A bar majanyi. Gobe akwai takardar farashi da za a kai wani shagon taki, zan rubuta "uwar goyo ɗaya, ƴan goyo huɗu, majanyi Proxmox". In Alhaji ya tambayi mi ne ne majanyi, sai in dawo mu sake zama.