Furen zoɓo ya ƙi zama a kan cukuna

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina yin cuku mai laushi irin na Faransa, wanda farar fumfuna ke lulluɓewa, da madarar shanun da Fulani ke kawowa nan Maradi. So nake in ƙawata shi da busasshen furen zoɓo.

In na manna da wuri, laima ta jiƙa furen, jan ya zuba, fumfunar ta ƙi tsirowa a wurin. Tsaminsa nake zargi. In na jira sai ta rufe, furen ya kakkaɓe. Wata ta ce in shafa zuma, amma ban yarda da zaƙi a kan cuku ba.

A firigo yake nuna, wajen digiri 12, in kuran bai ɗauke ba. Don Allah, yaushe ake mannawa, kuma da me? Furen zogale zai yi?