Na ƙara musu albashi, amma har yanzu jikinsu a sanyaye

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gidan burodi a Kano, ma'aikata 14. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sau biyu ina ƙara musu kuɗi. Amma aiki sai a hankali: a zo a makare, a kwaɓa, a gasa, a watse. Burodi ya ƙone, ba mai cewa uffan sai na gani da idona. Makon jiya babban mai kwaɓina ya tafi ko sallama babu. Ina matsalar take?

Wani tsohon mai gashi: Hajiya, ta yaya maganarki ke isa gare su?

Mai tambaya: Manaja ke tura musu ta WhatsApp.

Wani tsohon mai gashi: To nan gizo ke saƙar. Ni ma haka na bar wani wuri. Shekara uku ban taɓa jin "sannu da aiki" ba, sai ranar kuskure a kira sunana gaban yara. Wanda ya san tsawa zai sha, ai ɓoye ƙonannen burodi zai yi.

Wata malamar jami'a: Tun 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya raba abubuwan da ke shafar ƙwazon ma'aikaci gida biyu. Albashi da yanayin wurin aiki ƙorafi kawai suke kashewa. Abin da ke sa mutum ya ɗauki aiki kamar nasa shi ne yabo, da ɗora masa amana, da hanyar ci gaba. A masana'antar Toyota, ƙaramin ma'aikaci na iya jan igiya ya sanar da matsala, har layin haɗa motoci ya tsaya, ba a ga laifinsa ba. Naki fa, wa zai iya cewa fulawar yau ba kyau?

Wani ɗan kasuwa: Malama, yabo ba ya biyan kuɗin adaidaita. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma da shi suke auna nasu. Hajiya, kina biya a kan lokaci?

Mai tambaya: Gaskiya wani watan yakan kai 10 ga wata, kuma ban taɓa faɗa musu dalili ba. Ranar Asabar zan zauna da su ba manaja. Shi wanda ya tafi, in kira shi?

Wani tsohon mai gashi: Kira shi da kanki, Hajiya. Kada ki fara da "dawo". Tambaye shi me ya kore shi, ki yi shiru ya gama.