Don Allah me za mu kira CV da Hausa? Gobe nake shiga shiri

Mai Shiri: Salam jama'a. Gobe da safe ina da shiri a rediyo kan yadda likita zai tsara CV in zai nemi aiki, baƙon nawa zai yi bayanin abin da ake sawa, inda ka yi MBBS wato digirin likitanci, shekarar horon asibiti, lasisi, wuraren aiki daga na ƙarshe a koma baya, amma sunan takardar ne ya tsaya min, bana so in yi ta cewa sibi sibi awa guda.

Anti Nas: Tarihin rayuwa mana, ai kusan ma'anarsa kenan a Latin.

Likitan Yara: Anti wallahi wannan sunan shi zai ɓatar da yaran nan. Na taɓa riƙe ta wani da ya cika shafin farko da firamare da yawan 'ya'yansa, lambar lasisi sai can shafi na uku. Mai ɗaukar likita abin da yake dubawa lasisinka bai ƙare ba? wane fanni ka ƙware, tiyata nawa ka yi da hannunka nawa ka taya, in akwai giɓin shekara me ka yi a ciki, su waye manyan da za su tsaya maka. Ni dai "tarihin karatu da aiki".

Malamin Hausa: Ya yi tsawo likita. KUNDIN GOGEWA. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka, kuma ta likita ai kundi ce, da bincike da maƙaloli da taruka tana cin shafuka, ba kamar gajeriyar nan mai shafi ɗaya ko biyu da ake nema a kamfanonin Amurka ba.

Ɗan Jarida: Malam wanda ya fito jiya wace gogewa gare shi? Kuma kundi kowa na digiri zai ɗauka.

Abu Hanif: Larabawa sira zatiyya suke cewa, mu ɗauki sira kawai.

Anti Nas: A'a, Bahaushe in ya ji sira ta Manzon Allah (SAW) yake nufi, a bar ta a wurinta.

Malamin Hausa: Matsalarmu kenan, in Bature ya faɗa an karɓa, in namu ya ƙirƙira sai gardama. Ku 'yan jarida ku kuka cika mana harshe da aro.

Ɗan Jarida: Haba Malam, likita da asibiti da lasisi duk daga ina suka zo? Kalmomin da kuke ƙirƙira a jami'a nawa ne suka fito waje?

Malamin Hausa: Da kuna faɗarsu a iska da sun fito.

Mai Shiri: Don Allah a yi haƙuri dare na yi. Zan buɗe da "takardar tarihin karatu da aiki, wato CV", daga nan in riƙa cewa takardar.

Malamin Hausa: To. Ban gamsu ba, amma ka ambaci kundin gogewa ko sau ɗaya ne mu ji abin da masu kira za su ce.

Mai Shiri: In lokaci ya bari Malam.