'Yar yayata ta kamu da fim ɗin masu shan jini, kuma ni na fara nuna mata

Mai tambaya (an ɓoye suna):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a nan. Ina zaune a Tudun Wada, cikin garin Gombe. Yayata ta rasu bara da azumi wajen haihuwa, ita da jaririn, Allah ya jiƙansu. Ta bar 'ya ɗaya, zan kira ta Ummi, shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare. Tun da aka share makoki take hannuna.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. A 2011 ina jami'a muka fara kallon The Vampire Diaries. Lokacin faifai ake saye, zango guda cur a faifai ɗaya, hoton duk ya dushe, wani wajen ya maƙale sai an ciro an goge da gefen zane. Mu shida muke haɗuwa a kan katifa ɗaya, kwamfutar wata ƙawarmu 'yar Kaltungo a tsakiya, an jiƙa garin kwaki da suga. Ɗakin ya rabu biyu, masu son Stefan da masu son Damon (wa da ƙani ne masu shan jini, jaruman fim ɗin), har gaba aka yi ta kwana uku a kan haka. Idan na koma gida hutu Yaya takan yi min dariya, ta ce ke da 'yan shan jininki. Daga baya ita ma ta zauna ta kalla, tana tsinke zogale tana tambayata wane ne wannan, wane ne wancan. Har aka gama fim ɗin a 2017 ban bar shi ba, ranar da na ga kashin ƙarshe ina da cikin fari, na yi kuka sosai.

To bayan rasuwar Yaya, Ummi ta yi wata biyu ba ta magana sai e da a'a. Abinci sai an tsaya a kanta. Wani dare ba wuta, na kasa barci, na kunna kashin farko a waya don in rage tunani. Ta zo ta zauna kusa da ni, na miƙa mata kunne ɗaya na abin sauraro. Ga wanda bai sani ba, yarinyar fim ɗin, Elena, iyayenta sun mutu a hatsarin mota a kan gada, ƙanwar uwarta ce take riƙonta ita da ƙanenta. Da Ummi ta fahimci haka sai ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Yafendo, kamar mu." Wallahi ranar ce ta fara yi min magana mai tsayi.

Yanzu ta cinye zango takwas ɗin, ta koma farko, wannan zagaye na uku take yi. Ta ƙara da The Originals da Teen Wolf. Da tana ta huɗu a aji, wannan karon ta zo ta 19. Malamar islamiyya ta aiko cewa gyangyaɗi take yi. Abin da ya fi tayar min da hankali, shekaranjiya wajen ƙarfe biyu na dare na farka na ga mutum tsaye a kaina, ta sa yatsa kusa da hancina. Na ce lafiya? Ta ce tana duba ko ina numfashi ne, don a fim an kashe ƙanwar uwar a zango na biyu. Ta kuma taɓa tambayata ko mamaci yana ganinmu.

Maigida ya yi tafiya, ya ce kafin ya dawo Juma'a in karɓe wayar ko ya fasa ta da kansa. Ni kuma ina tsoron ta koma shirun nan. Ya zan yi?

Maman Hanif: Allah ya jiƙan yayarki, ya sa ta huta. Wayar nan ita ce masifar zamani. Nawa ɗan ƙwallo ne, ranar da ƙungiyarsa ta sha kashi ko tuwo ba ya ci. Na karɓe wayar, ya koma gidan kallo, yanzu sai sha ɗayan dare yake shigowa, ubansa kuma ni yake ɗora wa laifi. Ni dai na rasa.

Hajiya Binta Bolari: Baiwar Allah, zan faɗa miki gaskiya ko da ɗaci. Yarinyar da ke tashi biyun dare ta tsaya a kan mutum ba fim kaɗai ke damunta ba, an buɗe mata ƙofa ne. Kin ɗauki marainiya, zuciyarta a raunane, kin zaunar da ita gaban matsafa da masu shan jini da masu kiran matattu. Me kike jira? Sihiri ba abin nishaɗi ba ne, ki je ki karanta aya ta 102 a Baƙara. Yau ɗin nan ki karɓe wayar, a goge komai, ta riƙa karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ta kwanta, a samu malami mai tsoron Allah ya yi mata ruƙiyya. Na riƙe 'ya'ya tara, nawa da na riƙo, babu wanda ya taɓa tsaya min a kai da dare. Mijinki ya fi ki gaskiya.

Mai tambaya: Hajiya na gode, amma ba ta fashin sallah, kuma azkar tare muke yi safe da yamma. Ba ta taɓa faɗuwa ko sauya murya ba. Ni ma na kalla shekara da shekaru ban ga abin da ya same ni ba.

Hajiya Binta Bolari: Ai ga abin da ya same ki nan, kina da aure da 'ya'ya kina kallonsa tsakar dare.

Abba mai tura fim: Ku yi haƙuri iyayena mata in sa baki, sana'ata ce. Shekara tara ina tura fim a waya kusa da babbar kasuwa. Finafinai da yawa sukan yi tashe wata biyu su mutu, amma akwai waɗanda ban taɓa gogewa daga kwamfuta ba: wannan Vampire Diaries ɗin, da Teen Wolf, da Merlin. Merlin tun 2012 aka gama shi, har gobe ana nema. Duk shekara sai sabbin yara sun taso sun tambaya, ƙannen waɗanda na tura wa a da. Da Wednesday ya fito a 2022 na ɗauka zai kashe tsofaffin, sai ma ya ƙara musu kasuwa, yaro ya gama shi ya dawo ya ce a ba shi irinsa. Na lura ba dodon ne ke riƙe su ba. Duk labarin matashi ne mai wani sirri da ba zai iya gaya wa na gida ba, jikinsa yana sauyawa, manya ba su san abin da ake ciki ba, abokai ne kaɗai suka sani. Wane ɗan shekara 16 ne bai san wannan ba? Anti, matsalarki lissafi ce. Kashi 171 ne, kowanne minti arba'in da 'yan kai, kusan awa 120 ke nan zagaye ɗaya. Kuma da gangan suke yanke kowane kashi a daidai inda ba za ka iya ajiyewa ba. Turawa mako-mako aka riƙa nuna musu, shekara takwas, ita kuma an juye mata duka a waya lokaci ɗaya. Ki goge, ki riƙa tura mata kashi biyu ranar Asabar.

Hajiya Binta Bolari: Mai sayar da kaya ai ba zai kushe kayansa ba. Ku ne kuke lalata mana yara da naira ɗari. Ka gaya musu mana shekarar saurayin nawa? Jikata ta ba ni labari, wai tun 1864 ya zama mai shan jini, tsoho mai shekara ɗari da sittin da ɗoriya yana bin 'yar sakandare, ana kiran abin soyayya. Ga tsiraici, ga giya.

Ummu Khairat: Hajiya a nan kam kin taɓo min ciwo. Ni ina 15 aka cire ni daga aji aka ba abokin babana, ba a fim ba, a garin nan. Babu wanda ya kira malami a kai. Yau ina da 'ya'ya biyar, ko sunana da kyar nake rubutawa da boko, 'yata ce ke karanta min saƙo wani lokaci. Ku bar yarinya ta yi karatunta, ko me za a yi kada a ce aure ne magani, don na san can maganar za ta nufa.

Malama Rabi: Ina koyarwa a makarantar 'yan mata shekara 14, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. 'Yar uwa, ki ajiye maganar fim tukuna. Yarinyar nan uwarta ta tafi asibiti da ƙafarta ba ta dawo ba. Yanzu ke kaɗai ta rage mata, shi ya sa take duba numfashinki. Da ba ta ga fim ɗin ba ma da wuya ta tsira daga wannan tsoron, fim ɗin ya ba ta bakin faɗa ne kawai. Kuma ki duba abin da take komawa tana kallo: a labaran nan mutuwa ba ta cika zama ƙarshe ba, a binne mutum yau, zango na gaba ya dawo, ko a ga fatalwarsa tana magana da 'yan uwa. Marainiya za ta so wannan fiye da kowa. Hatsarin shi ne ta zauna a can ta ƙi fitowa. Kin taɓa zama da ita kun yi hirar mahaifiyarta, ba ta Elena ba? Kin amsa mata tambayar da ta yi kan mamaci, ko kin kai ta wajen wanda zai amsa mata da ilimi? Idan rashin barcin ya ci gaba ki kai ta asibiti ta ga likitan da ke duba damuwa, ba abin kunya ba ne. Sannan ina mahaifinta a duk wannan?

Mai tambaya: Malama maganar mahaifinta doguwa ce, a bar ta. Hirar Yaya kuma ni kaina ba na iyawa, da na fara sai kuka, ita ta koma tana ba ni haƙuri. Shi ya sa fim ɗin ya fi mana sauƙi. Kuma ba wai na sake ta ba ne, wuraren da ba su dace ba ina tura su gaba.

Maman Hanif: Idan kina barci wa ke tura mata?

Inna Asabe: Ni tsohuwa ce, jikana ke rubuta min. Mu ma da muna 'yan mata a Dukku bayan an ci tuwon dare sai mu kewaye kakarmu. Me take ba mu? Dodo ya haɗiye yarinya, maye ya kama kurwar yaro, mutum ya rikiɗe ya zama kura da dare ya dawo da asuba. Har da ta budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta auri kyakkyawan baƙo, ashe ba mutum ba ne. Muna rawar jiki muna cewa a ƙara. Fitsari ma sai an raka mu. Amma kaka tana ganin idonmu, in ta ga tsoro ya yi yawa sai ta ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta. Wayar nan ba ta da ido.

Hajiya Binta Bolari: Inna, tatsuniyarku ba ta da sumbatar juna. Malama kuma da kin kawo likitan damuwa, so kike a ce marainiya ta haukace, gobe wa zai aure ta? Ni na gama magana. Ranar da ta fara magana ita kaɗai a ɗaki za a neme ni.

Abba mai tura fim: Hajiya in an karɓe wayar, ƙawayenta suna da shi a tasu. A makaranta ma tura wa juna suke yi, ba sa ko zuwa wajena.

Mai tambaya: Na karanta duka, Allah ya saka. Amma kamar ba a fahimce ni ba. Ba yarinyar banza ba ce, ita ke yi wa yarana wanka, ita ke ɗora girki in na makara a wajen aiki. Turancinta ma ya ƙaru sosai, malaminsu ya faɗa. Ta 19 ɗin nan ba fim kaɗai ba ne, ta yi zazzaɓi sati biyu ana dab da jarrabawa. Jiya na gwada abin da Abba ya ce, na ce kashi biyu kawai. Ta ce to, ta miƙo min wayar da kanta, ta shiga ɗaki ta juya fuska bango, yau da safe ko kunu ba ta sha ba. Da azahar na mayar mata. Na san za a ce na yi sake, amma ku ba ku ga fuskarta ba.

Malama Rabi: Ba ki amsa min ba, kin yi mata maganar mahaifiyarta?

Ummu Khairat: Shi maigidan naki da ma yana son zamanta a gidan kuwa? Don wani lokaci ba wayar ce ke tsone musu ido ba.

Mai tambaya: Yana da kirki, shi ke biyan kuɗin makarantarta. Jibi dai zai dawo. Akwai wanda ya san ko ana iya sa wa waya makulli ta riƙa mutuwa da kanta ƙarfe goma, yadda zan nuna masa na yi wani abu?