Astaroyid: duwatsun falaki, amma rukunoninsu fa?

Jama'a ku zo mu ƙarasa maganar jiya ta nema wa astaroyid da rukunoninsu sunayen Hausa. Astaroyid dai kusan kowa ya yarda da "dutsen falaki", ni ma shi na zaɓa, don kalmar da William Herschel ya ƙirƙiro a 1802 ma'anarta "mai kama da tauraro" ne kawai, saboda a madubin hangen nesa ɗigon haske ake gani, alhali ba taurari ba ne, duwatsu ne da ƙarafa masu zagaya rana. Saura sunayen rukunoni, tunda da hanyar zagayensu ake raba su.

Mafi yawansu suna tsakanin duniyoyin Mirrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter), a nan masanin falaki Piazzi ya gano na farkonsu, Ceres, a 1801. Wani ɗan'uwa ya ce mu ce wa wannan yanki "ɗamara", fassarar Turancin "belt" ke nan, amma ni wallahi "burtali" ya fi kwanta min, hanya ce tsakanin gonaki biyu garke na bi, kuma ɗamara sai mutum ya zaci a cunkushe suke alhali tsakanin dutse da dutse tazara ce mai nisan gaske.

Inda na fi so mu tsaya shi ne waɗanda ake kira Trojan. Su a kan hanyar Mushtari suke, kashi ɗaya na gaba da digiri 60 ɗaya na baya da digiri 60, ba sa cim masa ba ya cim musu. Max Wolf ya gano na farko a 1906 aka sa masa Achilles, daga yaƙin Girkawa da mutanen Troy, labarin da yaro a aji sai ka ɓata rabin darasi kana ba shi. To wa ke tafiya gaban dokin sarki ranar hawa? Zagi. Na gaba "zagage", na baya "'yan rakiya", shi ke nan yaro ya ga hoton a kansa. An ce za a ruɗa da zagi na ashar, shi ya sa na tsaya a jam'i.

Na kusa da duniyarmu kuma, rukunonin Apollo da Aten suna ƙetare hanyarta, "masu ƙetare". 'Yan rukunin Amor, irin su dutsen Eros, suna matsowa ba sa ƙetarawa, na ce "masu leƙe". Malaman Hausa, leƙe ya yi ko akwai wadda ta fi ta?