Bana a Dakatar da Tarin Hatsin Kirsimeti Sai Gida Ya Ƙoshi?

Ma'aji: Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya bayan sujada na faɗi wata magana na ga fuskoki sun canza, gara in maimaita ta a nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ra'ayina bana a dakatar da tarin Kirsimeti a ikilisiya, kada a ɗora wa kowane gida mudu biyu na hatsin gwauraye kamar yadda muka saba. Ni ke riƙe da littafin baiko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake kallon yadda baikon ke ramewa, kuma na san ba rowa ba ce, babu ce. Akwai gidajen da sau ɗaya suke ɗora tukunya. Bulus ya ce a 1 Timoti 5:8 wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. A fara da gida.

Shugabar Zumuntar Mata: Baba Ma'aji, na ji ka, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Bara muna tara hatsin nan, wata baiwar Allah da ta gudo daga Bokkos bayan harin jajibirin Kirsimetin 2023 ta shigo da acca ƙulle a bakin zanenta, ko rabin mudu ba ta kai ba. Sunanta na cikin waɗanda za mu kai wa. Na riƙe hannunta na ce ta mayar. Ta dube ni ta ce, "Mama, don an ƙone mini gida shi ke nan ba ni da abin ba Allah?" Kunya ta kama ni, na buɗe buhu ta juye da hannunta. In muka soke tarin nan saboda tausayin talaka, irin wannan matar muka hana.

Sakataren Matasa: Mama, ki yi haƙuri, ni ina bayan Baba. Matar nan da son ranta ta kawo. Abin da ke faruwa a wurinmu daban ne: ana karanta sunayen gidajen da suka kawo a gaban jama'a, wanda ba a kira ba sai ya sunkuyar da kai. Na san wanda ya ci bashi wurin mai shago don kada a tsallake sunansa, har watan Fabrairu yana biya. Wannan kyauta ce ko tara?

Malamin Littafi: Ku biyun a sura ɗaya kuke tsaye. A 2 Korintiyawa 8 Bulus yana tara gudummawa don matalautan Urushalima, ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar cikin tsananin talauci, har roƙonsa suka yi a bar su su sa hannu. Amma a aya 12 da 13 ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata wa wasu ba. Ban ga inda aka yanka wa kowa mudu biyu ba. Baba Ma'aji, ayar Timoti ɗin ma a kan kula da gwauraye take magana, in ka karanta daga aya 3.

Ma'aji: Haka ne Malam, na koma na duba. Amma ta ce dangi su fara ɗaukar nauyinsu kafin ikilisiya.

Ma'aikaciyar jinya: Ni damuwata rabon ne. A Disambar 2024 mutane sun mutu a turmutsitsin karɓar abinci a Ibadan da Abuja da Okija, cikin 'yan kwanaki, har da ƙananan yara. Yunwa ce ta tara su tun asuba. Mu ma bara mun sanar a fili, tsofaffi suka jeru a rana, wata ta yanke jiki ta faɗi a hannuna, sai da muka ba ta ruwan sukari. Don Allah a daina layi. Mun san ƙofar kowace gwauruwa a unguwar nan, a kai mata da yamma, hannun hagu bai san abin da dama ta yi ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku gafarce ni iyayena, in "a fara da gida" na nufin kada kwano ya fita, ba zan iya ba. Shekara goma sha ɗaya Hajiya maƙwabciyata na aiko mini da naman layya, ranar da na haihu ita ta ɗora mini ruwan zafi. Bana ba ni da kaza, shinkafa da miyar kifi zan yi, kuma yarana za su kai mata kwanonta kafin mu ci.

Ma'aji: 'Yata, ba ni na hana kwanon Hajiya ba. To na sauko: a ci gaba da tarin, a cire mudu biyun, a daina kiran suna. Amma tunda ana gaskiya, Mama Shugaba, ankon Kirsimeti fa? Kuɗin atamfa ɗaya da ɗinki zai ciyar da gida kwanaki.

Shugabar Zumuntar Mata: Baba, su wa ke ɗinka ankon? Uku cikin telolinmu gwauraye ne, da ɗinkin Disamba suke biyan kuɗin makarantar Janairu. Ka soke anko, ka cire musu abinci daga baki ka mayar musu da mudu.

Sakataren Matasa: Amma Mama, kuɗin yadin ɗan kasuwa ne ke cinye shi, ba su ba. A kawo tsohon zane su gyara a biya su.

Dattijo: Ya isa haka 'ya'yana. Daga Lahadi za a ajiye buhu a ɗakin ajiya, ƙofa a buɗe, ba mai rubuta suna. Matasa su kai rabon gida-gida tare da mata biyu daga Zumunta. Zancen anko kuma na mata ne, su tattauna ranar Alhamis su kawo mana abin da suka yanke.

Shugabar Zumuntar Mata: To Baba. Amma zan gayyaci telolin nan uku su faɗa da bakinsu.