Ina son tambayar rumbun bayanai ta zauna cikin yaren da nake ginawa, ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗalibi ne a nan Maraɗi, aikin memwar ɗina, wato na kammala karatu, ƙaramin yaren kwamfuta ne mai kalmomin Hausa. Da lissafin mangazar kawuna nake gwada shi, wake da gero, bayanan na cikin SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai. So nake mutum ya rubuta `zaɓo buhu daga wake idan kuɗi > 20000` kai tsaye, ba sai ya liƙa SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, a tsakiyar rubutu ba. Yana aiki, amma sai ya kwaso tebur ɗin kaf sannan ya tace. Da na zuba lissafin shekara 3, kwamfutar ta dinga nishi. Ina na kuskure?

Wani babba daga unguwar Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam ƙanena. Mangazar ka kwashe zuwa gida don neman buhu guda, alhali mai gadi ya san inda yake. Kada yarenka ya zartar da `kuɗi > 20000`. Ya adana shi a matsayin bishiya: alamar `>` a sama, `kuɗi` da `20000` rassa. Wani sashe daban ya bi bishiyar ya fitar da WHERE, wato sharaɗin tacewa na SQL, SQLite ya yi tacewar da kansa. Haka Microsoft ta yi da LINQ, hanyarta ta rubuta tambaya kai tsaye cikin yare, a 2007, cikin yaren C# 3.0, aikin su Anders Hejlsberg da Erik Meijer. Kuma tambayar ba ta tashi sai ranar da aka fara karanta sakamakonta, shi ya sa ake iya ƙara mata sharaɗi a hanya. Kai ma ka fi su sauƙi, tunda mai fassarar yarenka ya riga ya gina bishiyar, kawai kada ka jefar da ita.

Wata ƴar uwa: Yaya ya faɗi gaskiya, amma ga inda ƙaya take. Idan mai amfani ya saka aikin da ya rubuta da kansa cikin sharaɗin fa? SQL bai san shi ba. Yarenka ya ƙi, ya faɗi dalili a fili. Kada ya koma tacewa a ɓoye. Entity Framework Core, kayan aikin Microsoft mai fassara LINQ zuwa SQL, ya taɓa yin haka, sai a sigar 3.0 suka mayar da shi kuskure. Sannan NULL, wato gurbin da babu ƙima: a SQL, `NULL = NULL` ba ya ba da gaskiya, dole ka fassara shi zuwa IS NULL. Ni wannan ya cinye mini kwana biyu.

Wani ɗan ƙungiya: 20000 ɗin nan kada ka manna ta cikin rubutun SQL. Saka `?` ka aika ƙimar daban, in ba haka ba wani zai rubuta umarni a gurbin sunan kaya ya share maka tebur.

Malami: Yaro, wata nawa ya rage maka? Ka tsaya kan zaɓo, tace, jera. Haɗa tebur biyu ka bar shi a babin abin da za a yi gaba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, wata biyu ne. Yaya, bishiyar tana nan, daren nan zan fara da `>` da `=`. Amma kawu ya ce shi bashin da yake bin mutane yake son gani, kuma wannan tebur biyu ne.